Farfesan Da Ya Isa

Duk wanda bai san Farfesa Hamidou ba bai san unguwar Mount Hope ba, kuma ya kamata a duba masa kunne. Allah ya yi mutane da yawa a Bronx, amma huhu irin na Farfesa guda ɗaya ya yi, ya kuma haɗa masa da saksofon, algaitar nan ta Turawa mai wuyan agwagwa. A gabansa Sarkin Busa muke ce masa. In ya ba da baya sai mu ce Ba-Birki, domin in ya fara busa, abin da zai tsayar da shi ba a ƙera shi ba tukuna.

Farfesancin ma bai wahalar da wata jami'a kafin ya same shi ba. A Nijar duk mai koyarwa a sakandare farfesa ne da Faransanci. Shi kuwa ya taɓa riƙe aji na wata uku a Maraɗi, sai ya naɗe muƙamin a akwati ya sauka da shi a filin jirgin saman JFK. Ma'aikatan kwastan ba su ce komai ba, mu su wa da za mu ce?

Aiki biyu gare shi, kamar sauran manyan 'yan jazz: wasa da koyarwa. Ran Litinin da Laraba yana wasa a ƙetare. Haka yake faɗa, kuma ba ƙarya ba ne, don sai ya shiga jirgin ruwan nan na kyauta ya ƙetare zuwa St. George, ya kafa kansa a bakin tashar.

"Mutum dubu nawa suka saurare ni yau?" in ji shi a shagon shayi. "Wallahi har gudu suke yi!"

Gudu kam suna yi. Jirgin ƙarfe takwas da rabi ba ya jiran kowa.

Sauran kwanakin yana koyarwa a wata 'yar makarantar kiɗa da ke saman gidan wanki, kusa da titin Grand Concourse. Darasin awa ɗaya ne. Minti arba'in na tarihin Farfesa, sha biyar na Farfesa yana nuna yadda ake yi, sauran biyar ɗin ɗalibi ya mayar da kayan kiɗansa cikin jaka. Darasin da ya fi so shi ne na shiru.

"Écoutez! Ku saurara! Jazz ba hayaniya ba ce. Babban makaɗi shi ne wanda ya san inda zai yi shiru. Space, kun gane? Ka bar wa ɗan'uwanka wuri. Ni nan, shekara talatin ina nazarin shiru."

Yakan yi rabin awa yana bayanin shirun nan ba tare da ya haɗiye yawu ba.

Kada a zalunce shi, mutumin ya iya. Mintuna ukun farko na busarsa suna sa ka tuna gida, ka ji ƙwalla ta taru maka ba ka san dalili ba. Matsalar tana farawa ne daga minti na huɗu, ta ci gaba har inda Allah ya nufa.

Yana da wani kiɗa da ya tsara da kansa, ya sa masa suna "Ya Isa". Duk sabon ɗalibi sai ya ji labarinsa. Wai tun yana yaro, da ya aro wata tsohuwar sarewa daga makaranta ya fara busawa a tsakar gida, mahaifiyarsa takan fito daga madafa, ta ɗaga hannu biyu sama, ta ce: "Ya isa! Ya isa!"

"Da Hausa," yakan ce wa ɗaliban, yana dafe da ƙirji, "ma'anarsa he has arrived. Ya kai. Inna ba ta yi boko ba, amma ta ga abin da duniya za ta gani. Kullum sai ta faɗa, wani lokacin har da hawaye."

Sai ya koya musu cewa duk ranar wasa, in busarsa ta kai ƙololuwa ya ɗaga musu gira, su haɗa baki su ce "Ya isa!" Ɗaliban 'yan Amurka ne da 'yan Dominika, suka riƙe abin da hannu biyu. Mu Hausawan unguwa ba wanda ya tanka. Ba ma son mu ɓata wa marigayiya suna.

Mutum ɗaya ce a ajin take jin Hausa: Abigel, 'yar Jos, wadda ta koyi fiyano a coci. Da rana tana ɗaga tsofaffi tana kwantarwa a gidan kula da su, da yamma ta zo ta zauna a gaban fiyano tana rakiyar busar Farfesa. Shekara uku ke nan, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ita kaɗai na minti guda. Duk lokacin da aka zo labarin Inna, sai ta sunkuya tana gyaran takalmi.

Ana nan sai dama ta zo mata. Wata dattijuwa mai ƙungiyar jazz ta gaske, Madam Odessa, tana neman mai fiyano da zai riƙa yawon wasa da su, yana kuma koyar da yara a makarantarta. Kwaku, mai gangar Farfesa, ɗan zangon Kumasi, shi ya roƙe ta ta zo wasan ƙarshen zangon karatu ran Asabar ta ji Abigel. Ta yarda, amma ta ce ƙarfe huɗu daidai za ta tashi, tana da jirgi. In ba ta ji komai ba, akwai wasu mutum biyar a layi.

Abigel ta sami Farfesa ta rusuna. "Prof, don Allah, minti uku kawai za ka bar mini. Aikin nan ya cinye mini baya, yatsun ne suka rage."

"Haba ɗiyata! Ni da na rene ki? Minti biyu zan busa in buɗe miki hanya, c'est tout, shi ke nan. Matar nan ai ni za ta zo gani, amma ke ma za ki samu albarkacina."

Ran Asabar zauren ya cika. Farfesa ya gayyato duk Bahaushen da ke da kujera a Bronx, har da yayarsa Hajiya Sauda, wadda ta zo daga Maraɗi mako biyu da suka wuce don jegon 'yarta. Aka zaunar da ita a gaba, kusa da Madam Odessa. Ƙarfe uku da rabi Farfesa ya fito da babbar riga da baƙin tabarau, ya yi jawabin minti goma kan muhimmancin taƙaitawa, sannan ya sa algaita a baki.

Minti ukun farko, Madam Odessa ta lumshe ido tana gyaɗa kai. A minti na bakwai ta buɗe idon. A na goma ta duba agogo. Kwaku ya yi ta buga alamar sauka har sau uku, Farfesa ya ɗauka ƙarfafa masa gwiwa ake yi, ya ƙara hawa. Abigel tana danna 'yan maɓallanta na rakiya, idonta a kan jakar Madam, wadda yanzu ta bar ƙasa ta koma kan cinya. Tausayinta ya kama mu, wallahi. Ɗalibai kuma sun zuba wa girar Farfesa ido, girar ko motsi.

Huɗu saura minti shida, Madam ta fara sa rigar sanyi.

Hajiya Sauda ba ta san jazz ba, ba ta san Madam ba, ba ta san zancen aikin Abigel ba. Abin da ta sani shi ne la'asar ta yi, kuma ta san busar nan tun tana budurwa. Ta miƙe, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Kai Hamidou! Ya isa! Ya isa hakanan!"

Muryar Inna ce sak. Ɗalibai suka ɗauka alamar ce ta zo, suka amsa da ƙarfi: "Ya isa!" Mu kuwa da muka yi shekara da shekaru muna haɗiye kalmar nan, muka sake ta gaba ɗaya, direbobi da 'yan tebur da ma'aikatan asibiti. Ban taɓa ganin 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Gana sun haɗu a kan magana ɗaya haka ba.

Farfesa ya sauke algaita. Ya cire tabarau, idonsa jage-jage, ya dafa ƙirji ya rusuna har ƙasa. A 'yar ƙofar shirun da ta buɗe ɗin nan Abigel ta shige da fiyanonta, Kwaku ya bi ta da ganga. Ta fara a hankali kamar mai addu'a, sannan ta saki yatsun. Minti huɗu ta yi, ta tsaya da kanta ba wanda ya roƙe ta. Madam Odessa tana tsaye, hannu ɗaya cikin rigar sanyi, ta manta da ɗayan.

Ta je ta miƙa wa Abigel kati, ta ce ta zo ran Talata da safe da shirin aiki. Abigel ta rufe fuska da tafin hannu. Sannan Madam ta juyo wajen Farfesa, wanda ya riga ya gyara tsayuwa don karɓar nasa rabon, ta tambaye shi da Turanci me jama'a suke ta faɗa ɗazu.

"Ya isa, Madam. Kalmar mahaifiyata ce. Ma'anarta mai zurfi ce ƙwarai, bari in yi miki bayani..."

"Ba sai ka yi ba, na gane," in ji ta, tana rubutawa a bayan tikitinta. "Zan tafi da kalmar nan. Ina da wani mai busa a ƙungiyata, shi ma ba ya sanin lokacin da zai yi shiru."

Ta fita. Farfesa ya tsaya riƙe da algaita, baki a buɗe, kuma a karon farko cikin shekara talatin muka ji shirun da yake ta nazari.

Hajiya Sauda ta taɓo shi. "Mi ta ce, matar nan?"

Ya mayar da tabarau, ya gyara wuyan riga. "Yaya, cewa ta yi na isa."

"Ai ba ta yi ƙarya ba," in ji Hajiya, tana neman butarta a jaka. "Tun muna yara ka ishe mu."