Hoton da Za a Kai wa Iro

"...da gajiyar hanya? Au, ashe ke ce! Na ɓata gaisuwata."

"Ka ɓata ta kuwa, don ba na amsa gaisuwar bayina a tsaye. Durƙusa!"

Saude ce daga Ruwan Bago, da taubashinta Barau, ɗan ƙanwar mahaifinta, ranar kasuwar Karaye a zamanin Turawa. Wani mai hoto ya zo daga Kano ya kafa akwatinsa a gindin tsamiya. Hotonsa iri biyu ne: baƙi-da-fari, da wanda yake bi da launi da hannu bayan ya wanke. Barau zai tafi Makka ta ƙasa, shi zai kai hoton ga Iro, wan Saude, wanda ya bi hanyar nan tun tana budurwa ya maƙale a gonakin auduga na Sudan. Tsoronta ɗaya, kada Iro ya duba ya ce bai san wannan tsohuwa ba.

"Mai hoto," in ji Barau, "mai launi za ka yi mata. Ka zuba da yawa, kamar yaɓen daɓe. Kada ka ji tausayin fenti."

"Baƙi-da-fari nake so, malam. Wannan da ka gani ba shi da ta cewa, a garar uwata aka haɗo mu da shi."

"Ke! In aka ɗauke ki yadda kike, akwatin nan ba zai ƙara moruwa ba. Bawan Allah da iyalinsa!"

"Ni? Da ina budurwa, in na fito ɗiban ruwa har kasuwar Rogo watsewa take yi."

"Ƙwarai kuwa, da gudu."

Mai hoto ya sunkuyar da kai yana goge abin da ba ya buƙatar guga. Saude ko a jikinta, ta gyara ɗaurin kallabi. Barau ya zaro wani hoto mai launi daga waɗanda aka jera a kan tabarma.

"Dubi nan, don Allah. Kumatu jajaye, zane kore shar. Ko ke aka yi wa haka, sai a yi miki tayin sadaki."

"To, sarkin ido, wace ce wannan?"

Barau ya kai hoton kusa, ya nisanta shi, ya karkata kai. "Wata matar ma'aikaci ce daga birni."

"Maiturare ce, mai ƙosai! Katanga ɗaya ta raba ku. Kullum da safe a gabanta kake tsugunne kana maula."

"Haba! Ina tsagarta?"

"Fenti ya cinye. Yawwa! Kai da kake ganinta kullum ka kasa, balle wanda ya bar ni da kitson 'yan mata?" Ta ɗora yatsa a kan tsagar kuncinta, nan muryarta ta ɗan sauka. "Haƙoran nan sun tafi, gashi ya yi fari. Wannan kaɗai ta rage da ya sani. In aka shafe ta, me na aika masa?"

Barau ya mayar da hoton kan tabarma. Wallahi shi ma kewar Iro ce ta kama shi, don tare suka yi kiwo. Ya tsaya yana kallon tsagar nan da ya daɗe yana yi wa dariya.

"Wanzami ɗaya ya yi muku, ko?"

"Aska ɗaya ma. Tasa da tawa babu bambanci."

Sai ya yi dariya, ya laluba aljihu ya fito da farin goro ya danƙa mata.

"Kin ci, muguwa. Mai hoto, kada launi ya kusanci fuskar nan, kuma ka matso da akwatin sosai." Ya share ido da hannun riga. "Ni kaina ban san yadda Iro ya koma ba. Da fuskarki zan bi gonakin nan ina nemansa."