Tulfor, Keken Gurasa, Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta rasa wurin kai ƙara, ni Tursunboy mai kai gurasa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da mutanen unguwarmu da na tsallaken titi, da duk wanda ya taɓa karya kumallo da gurasar tanderun Holmat tana tururi, rasuwar abokin tafiyata, likitana, kuma ƙafafuna, wato kekena Tulfor. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a kan sabon titi, daidai inda koren fentin nan ya ƙare. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da ƙarafanmu.

An haifi marigayin a wata masana'anta can arewa, tun zamanin Tarayyar Sobiyat, lokacin da ake ƙera abu don ya ga bayan mai shi. Mahaifina ne ya kawo shi wannan kwari namu na Fargana, ya raɗa masa sunan dokin tatsuniya mai fiffike. Matata Salomat ba ta taɓa yarda da sunan nan ba, ita Jaki take kiransa. Amma jakin nan shi ya kai ta asibiti ranar da naƙudar 'yarmu Mohira ta tashi, tana zaune a kariyar bayan keken tana zagin mu ni da shi, ni kuma ina turawa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Ya ji duk zagin da aka yi masa ranar, bai rama ba.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da haƙuri da wadatar zuci. Abincinsa ɗigon mai a sarƙa, sai iskar Allah a taya. Da sanyi, lokacin da maƙwabtana masu mota ke wuni a layin gas suna hura hannu suna tsine wa juna, mu wuce su muke yi da kwandon gurasa a baya, in ɗaga musu hannu don neman magana. Bai taɓa busa wa jaririn kowa hayaƙi a fuska ba, bai taɓa tashin maras lafiya daga barci ba. Da guminsa da nawa aka yi wa gidanmu rufin kwano, aka kai Mohira makarantar koyon jinya. Tsararrakina da suka riga ni samun mota, wasu suna maƙabarta, wasu kuma suna gida da buhun magani a gefen matashi. Ni kuwa duk lokacin da na je awo, Likita Dilorom takan cire abin nan daga kunnenta ta ce zuciyata ta fi ta mijinta ƙuruciya, kada in kuskura in rabu da keken nan, domin shi ne ya danne sugan da ya kashe mahaifina da yayana. Na riƙe maganarta, har nakan maimaita ta a majalisar shayi ko ba a tambaye ni ba.

Ba shi da yawan magana, amma muryarsa sananniya ce. Ƙararrawarsa takan ce kirin-kirin, sau biyu a jere, sannan ta ɗan shaƙe a na uku saboda tsufa. Fedar hagu kuma tana da ƙorafinta, ƙiii, duk zagaye ɗaya, kuma ba man da ya taɓa rarrashinta. In muka hau duwatsun lungun masallaci, marfin tayar baya ya ɗauki kwaram-kwaram ke nan har mu fita. Matan unguwa da wannan kwaram-kwaram ɗin suke ɗora ruwan shayi. A gangaren bakin rafi kuwa, in na saki feda, sai ya yi wani siririn tsiii, wanda ni kaɗai nake ji, kuma na tabbata dariya yake yi.

Rashin lafiyar da ta yi ajalinsa ba a jikinsa ta fara ba, a jikin garin ta fara. Da farko aka sare manyan bishiyoyin inuwa da ake kira cinar, waɗanda muke bi ƙarƙashinsu, aka ce suna tare hanya. Aka rufe magudanar ruwan gefen titi da siminti. Titin da tsohuwa ke tsallakawa da jikanta a hannu tana ba shi labari, aka buɗe shi ya zama fili guda, motoci na gudu a kai kamar an biyo su. Tanderun Holmat ya rage a wannan gefen, rabin masu cin gurasarsa suka koma wancan. Na fara dawowa gida da tari, farar hulata ta koma ruwan toka, Tulfor kuma ya koyi raɓewa a bakin kwalta, shi da ya saba tafiya a tsakiyar hanya kansa a sama.

Ba mu zauna mun naɗe hannu ba. Mu masu keke, da mai madara, da malaman makaranta, da matan da ke zuwa masaƙar siliki, da Usta Rahmonali mai gyaran keke, muka ɗunguma ofishin mai unguwa. Ba mu roƙi wani abu mai girma ba. Cewa muka yi a yanka mana 'yar siririyar hanya a gefe, a sa mata ɗan dakali tsakaninmu da motoci, yadda yaro zai je makaranta ya dawo da ƙafafunsa. Ya ba mu shayi, ya ce maganarmu dutse ce, shi ma ya ji a talabijin cewa keke na rage hayaƙi da cunkoso da layin asibiti, kuma za a duba. Ya rako mu har ƙofa, ya shiga motarsa, ya tafi gidansa da ke bayan ofishin.

An kuwa duba. Da aka ce wani babban baƙo zai zo daga babban birni, sai muka wayi gari an shafa koren fenti a gefen titi, an zana hoton keke a kai, mai kyau, har da ƙararrawa. Aka aro wa ma'aikatan ofis sababbin kekuna, suka hau da kwat da takalma masu ƙyalli suna tangal-tangal, aka ɗauki hoto, aka tafa. Baƙo na juya baya aka kwashe kekunan a mota. Koren fentin ya fara daga kantin magani, ya ƙare a jikin turken lantarki. Kafin mako ya zagayo masu mota sun gano cewa ba wurin ajiya mai kyau kamarsa, mai kankana ma ya kafa rumfarsa daidai kan hoton keken. Daga nan abokan tafiyarmu suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Mai madara ya sayi mota, yanzu yana wuni a cunkoso da tumbi a gaba, madararsa na tsami a baya.

Ranar Talata mun ɗauko gurasa daga tanderu, kwando cike, an rufe da zane. Mun bi abin da ya rage na koren fentin har zuwa turken, inda dole mutum ya faɗa cikin motoci. A nan wani bawan Allah ya buɗe ƙofar motarsa ba tare da ya waiwaya ba. Na faɗi gefe, Tulfor ya kwanta a tsakiyar kwalta, gurasa ta watse tana gangarawa ta ko'ina.

Kun san mu da gurasa. Ba a kifa ta, ba a tsallake ta, ba a barin ta a ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe na bi ta da gudu ba, gwiwata na jini. Mai ƙofar ma ya fito yana tsinta yana sumbata yana kai wa goshi, mai kankana ya baro rumfarsa, wata mata ta sauko daga bas don ta taya mu. Duk jama'ar nan ba wanda ya tuna da Tulfor, har da ni. Sai ga motar siminti ta taho. Direban ya ga gurasa guda a gaban tayarsa ta dama, ya ga keke a gaban ta hagu, birki kuma ba zai kama ba. Ya murɗa sitiyari hagu. Na ji ƙararrawar ta ce kirin, sau ɗaya.

Direban ya sauko, saurayi ne da bai wuce sa'an Mohira ba. Ya ɗauki gurasar da ya ceta, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini. Gurasa ce a gabana."

Me zan ce masa? Ni ma da ni ne a kujerarsa abin da zan yi ke nan. Na nemi wanda zan riƙe wa wuyan riga a wurin nan na rasa. Mai ƙofa na ba da haƙuri, direba na hawaye, turken lantarki kuma ba ya jin magana. Ko gurasa ɗaya ba a taka ba.

An kai Tulfor wurin Usta Rahmonali a cikin baro. Ya duba ƙashin bayan da ya lanƙwashe, ya shafa sirdin. Daga baya ya ce shi ya fara yi wa keken nan faci tun yana da gashi a kansa, amma wannan karon aikin ya fi ƙarfin hannunsa. Ya shafa addu'a, muka shafa. Sannan ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa akwai wani tsohon keke a bayan shagonsa, in zo in ɗauka in ci gaba da aikina.

Na je gida da wannan labari ina murna, ashe Mohira ta riga ni. Na tarar da ita zaune da kayan asibiti a jikinta, ta ajiye gurasa a kan tebur. Na soma kawo mata maganar Likita Dilorom, da sugan da ke jirana, da mutanen tsallake da suka saba da ni. Ta bar ni na gama.

"Baba, duk na sani. Amma ni nake wanke waɗanda ake kwasowa daga titin nan. Yau gurasa ce ta faɗo gaban tayar. Gobe fa?"

Na juya wurin Salomat ko za ta shigar mini, sai na ga idanunta sun kumbura.

"Baban Mohira, jakin ya tafi shi kaɗai, mun gode wa Allah. Ɗora hannunka."

Na ɗora hannuna a kan gurasar, na yi alkawari ba zan sake hawa keke a titin nan ba, ba kuma zan tsallaka shi ba, ko a ƙafa ko a mota, har sai ranar da aka yi mana hanyarmu. Mohira ce ta ƙara zancen mota, don ta san halina, ta san in na kai wancan gefen zan ari keken wani. Likita na da gaskiya, 'yata na da gaskiya, ni kuma ina tsakaninsu ƙafafuna sun fara kumbura. Ba na jin haushin kowa, tsoro nake ji, kuma ban saba da shi ba.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da Salomat, wadda na kama tana goge masa ƙura da gefen mayafinta tana cewa ai don kada ya ɓata mata tsakar gida ne. Ya bar famfo guda da ba shi da sauran wanda zai hura, da kwando, da tayar gaba wadda ta fita lafiya. Ya bar gurasar Holmat, wadda yanzu ake kai wa tsallake a mota, a ɗaure cikin leda, ta isa a sanyaye tana gumi. Ya kuma bar magaji, in za a kira shi haka. Surukina Sanjar ne ya kawo shi, wata na'ura mai sirdi da feda amma ba taya, aka kafa ta a ɗaki tana fuskantar bango. Ina hawa in yi ta tuƙi har gumi ya jiƙa ni, in sauka a inda na hau. Ba ta da ƙararrawa, don ba wanda zai kauce mata.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar. Gawar tana tsakar gidanmu ƙarƙashin rumfar inabi, ga mai son yi mata kallon ƙarshe. Akwai shayi da gurasa, Salomat kuma ta ce za ta dafa shinkafa da karas da naman rago, ko da yake ta ce ba don jaki za ta yi ba. Masu zuwa a mota kada su damu da wurin ajiya, koren fentin na nan. Masu niyyar zuwa a keke kuwa, ina roƙonsu da girman Allah su bar shi a gida su tako da ƙafa. Ba ma buƙatar fure ko jawabi. Wanda yake da hanyar ganin masu iko, ya gaya musu dakalin nan da muka roƙa bai kai tsayin tafin hannu ba.

Daga gida za a ɗauki marigayin a bayan motar Sanjar zuwa makwancinsa, filin 'yan gwangwan da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Usta Rahmonali ne zai wakilci iyali a can. Ni ba zan samu halarta ba, domin filin a tsallaken titi yake. Zan raka shi a ƙafa har inda kwalta ta fara, in tsaya. In motar ta shige cikin sauran motoci na daina gane ta, ina roƙon ɗaya daga cikinku ya kama hannuna ya mai da ni gida, don Mohira ta ce da la'asar zan hau na'urar.