Yadda Ake Ɗora wa Mamaciya Tabon Kofin Shayi

Ke da kika ɓata wa mijinki abin da ya fi so a duniya, zauna ki ji. In kika bi matakan nan daki-daki, na yi miki alkawari ba za ki koma gidan ƙanwarki da akwati ba. Maƙwabciyata Enid ta gwada, ga ta nan da aurenta, har ta yi kumatu.

1. Ki san girman ɓarnarki

Wilf, mijin Enid, shekara ashirin da biyu ya kwashe yana gyaran wata tsohuwar mota ƙirar Bentley ta bayan yaƙin duniya na biyu, irin wadda kafintoci da maƙera suka haɗa jikinta da hannu. Gimbiya yake ce mata. Komai ya sabunta, ban da ɗan teburin katako da ake saukewa a kujerar baya. Wannan yana nan yadda mai motar ta farko, wata mai sarauta Ledi Thorley, ta bar shi, ko ƙwarzane babu.

Enid kuwa, kullum da la'asar in Wilf ya fita da kare, sai ta lallaɓa gareji da shayi da biskit ta hakimce a baya. Duk gidan babu kujera mai wannan laushin. Ranar Alhamis ta manta farantin kofi, zafi ya bar farin zobe a kan katakon. Gasar tsofaffin motocin da Wilf ya ƙare ƙuruciyarsa yana jira kuwa jibi ce.

2. Kada ki goge

Musamman da man shanu. Enid ta sa. Zoben yana nan, ga ƙarni.

3. Ki ninke tebur, ki cika masa ciki

Gasasshen nama da dankali, ki malale da romo. Namijin da ya ƙoshi ba ya bincike.

"Yau me na yi na samu wannan gata, tsohuwa?" in ji Wilf.

"Ci ka yi shiru. Ƙashin wuyanka ne ya fara ba ni kunya a coci."

4. Ki nemo wanda ba zai musa ba

Kare ba ya shan shayi. Jikoki suna da baki. Ki nemi mamaci, in so samu ne mai sarauta, don ɓarnar manya ado ce. Ledi Thorley shekararta hamsin a ƙasa, kuma ba ta bar ɗa ba. Mace mai kirki ke nan.

5. Ki riga kowa buɗe baki

Asabar ta yi, ana yayyafi kamar kullum, motoci jere a filin ciyawa. Alƙalin gasa, Mista Pargeter, ya zo da farar safar hannu da ɗan madubin leƙa ƙarƙashin mota. Ya shinshina fatar kujera, ya shafa ƙofa, sannan ya sauke tebur. Wilf ya ga zoben. Gashin bakinsa ne kawai ya motsa.

Enid ta gyara hula ta ce, "Ranka ya daɗe, a hankali da wurin nan. Kofin Ledi ne. Nan take shan shayinta in ta gaji da mutanen gidan. Masu gyara nawa suka so kankare shi, maigidana ya ce sai dai a kankare shi shi."

6. Ki kama bakinki, ki bar miji ya zaɓa

Nan mata da yawa suke faɗuwa, sai su yi ta ƙarin gishiri. Ke dai ki kalli sama.

Alƙali ya juya. "Haka ne, Mista Wilf?"

Wilf ya dubi zoben, ya dubi matarsa.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kullum ƙarfe huɗu. Da biskit mai citta. Mace ce mai zubar da ɓurɓushi, ga minshari in ta gama."

Mista Pargeter ya cire hula don girmama marigayiya, ya rubuta abin da zai rubuta. Gimbiya ta ci lambar motar da ta fi riƙe tarihinta.

7. Kada ki yi saurin murna

A hanyar gida Wilf yana tuƙi, Enid tana baya.

"Shekara bakwai ina share wa Ledi ɓurɓushi duk Juma'a," in ji shi.

"To me ya hana ka magana, munafukin tsoho?"

"Yawo da kare a ruwan sama kike gani daɗi ne? Wuri nake ba ki."

Litinin ƙarfe huɗu Enid ta lallaɓa gareji, ta tarar da shi a kujerar baya da tire, kofi biyu, faranti biyu. Tun ranar kullum tare suke sha, yana yi mata bayanin injin Gimbiya sa'a guda cur. Minsharin ma ba ta sake samu ba.

Ni dai shawara na bayar. In naki mijin ya tona ki a gaban alƙali, ban san ki ba. In kuma ya rufa miki asiri ya biyo ki da tire, ki je ki yi ƙarar Ledi Thorley. Tana bayan coci, layi na uku, ba ta zuwa ko'ina.