Kwallina a Jinin Umma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kusa tara wa Umma dangi a kan ciwon da ba ta da shi ba.

Lokacin ina koyon aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Abakpa, sabuwar shiga, ga farar riga ga iyayi. Umma ta kwana da zazzaɓi, na ce ta zo wajenmu a duba ta (gaskiya so nake ta gan ni a bakin aiki). Don haka na rambaɗa kwalli kamar mai zuwa biki.

Na ɗebi jininta, na shafa a ɗan gilashi, da ya bushe na ɗora a makiroskof, na'urar da ke nuna abin da ido ba ya gani. Tana da abin murɗawa biyu a gefe: babban ya kawo hoton kusa, ƙaramin ya tace shi har ya fito tar. Na murɗa babban, na kafa ido. Baƙaƙen ɗigo ne birjik a jinin, irin waɗanda ba a taɓa koya mana ba.

Ni kuwa tsoro ba ya zama a cikina. Na fito da gudu na kira yayana Sani da ke Mando, ina kuka: "Yaya, ka bar komai ka taho, jinin Umma ya lalace!" Umma tana kan benci tana ji, ta kama salati.

Ogana, Malam Isa, ya mayar da ni ciki.

"Sa ido. Murɗa ƙaramin a hankali. Ya kika ga ƙwayoyin jinin?"

"Sun dushe… sun dawo."

"Ɗigon fa?"

"Suna nan yadda suke, Oga."

"To, abin da ke kan gilashi shi ke dushewa in an murɗa. Wanda ya ƙi canzawa ba a jini yake ba."

Ya goge wurin da ake kafa ido, ya miƙo mini ƙyallen. Baƙi ƙirin.

"Kwallin waye wannan?"

Wallahi ban san wanda ya fi yawa ba, kunya ko daɗi. Na zauna a ƙasa ina dariya ina hawaye, sauran kwallin na bin kumatuna. Malam Isa ya duba da kansa, ya ce zazzaɓin sauro ne ɗan kaɗan.

Ana cikin haka Yaya Sani ya faɗo yana haki, takalminsa wari da wari. Umma ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Koma aikinka, Sani. Ashe ciwon a idon likitar yake."

Tun daga ranar ba na kiran kowa sai na murɗa ƙaramin nan tukuna. Kwalli kuwa, sai ranar da ba ni da aiki.