Gishirin Kampung Baru

Da surukata ta zo mana ƙasar waje daga Kano, ni na naɗa kaina jagora. Ni da ita da maigidana muka je unguwar Kampung Baru, rumfar wata 'yar Thailand mai sayar da taliya cikin romo.

"Hajiya, ki bar min komai. Na san abincinsu kamar yunwar cikina." Alhali a leda ake kawo min shi gida, ban taɓa zama a rumfar ba.

A kan tebur akwai yaji da wani farin gari. Na ce romon bai ji gishiri ba, na zuba wa Hajiya cokali biyu na farin garin. Mai rumfar za ta yi magana, na ɗaga mata hannu.

Hajiya ta kurɓa, ta ajiye cokali. Maigidana ya daina tauna.

"'Yar nan," ta ce a hankali, "kin manta ina da ciwon suga ne, ko kin gaji da ni?"

Fisabilillahi, wa yake ajiye suga kusa da yaji?

Har yau in ta kira ɗanta sai ta ce, "Ka dai riƙa ɗanɗana gishirin gidanka."