Yadda Za Ka Nome Karatun Shekara Ukku Cikin Rani Guda

Kai da ka shiga karatun nesa, wanda ake yi cikin waya kana kishingiɗe gindin icen bedi, aka ce maka lisans, wato takardar digiri, ba ta fita sai sunanka ya shekara ukku cikin rajista: matso kusa. An jarraba dabarar nan a Bangi, kan Manzo, kuma na rantse za ka gama karatu kafin ruwan farko.

1. Samu abin da ke korarka

Manzo kujerar sakataren ƙungiyar manoman albasa yake so. An ce tashi ce, ranar da ya aza diplom ɗin lisans bisa tebur. Kafin nan aka ba wani dattijo ya riƙe ta, don kada ta yi ƙura.

2. Kada ka karanta doka

Tana shafi na biyu na takardar rajista, da ƙananan baƙaƙe. Abin da aka rubuta ƙanana haka, mai rubutun ma kunyarshi yake ji.

3. Kira gayya

Karatu ai gona ne, hannuwa yake so. Manzo ya gayyato mushe biyu na lakkwal, wato malaman firamare, da majo, babban nas na gidan likita, da wani tsohon jandarma mai zuba Faransanci kamar ruwan Agusta. Matarshi Mairamu ta riƙa dama fura ƙwarya huɗu kowace Lahadi. Aka raba darussa kamar yadda ake raba kunya ranar noma, kowa ya duƙa ga tashi. Jandarma har da tuɓe riga. Wata bakwai, an share gonar tas.

4. Buga wa makaranta waya da muryar manya

"Madam, na gama."

"Ka gama mi?"

"Duka. A sako takardar ga motar Madawa."

"Mushe Manzo, watanka bakwai. Saura shekara biyu da wata biyar."

"To, in zauna in yi mi?"

"Ka zauna."

5. Kada ka kai kuka gida

Manzo ya kai. Mairamu ko ɗaga kai ba ta yi daga turmi ba.

"Kai da ba ka taɓa tone albasa wata guda da dashe ba, takardar mutane ce ka raina? Hatsina da jandarma ya shanye fa?"

6. Je ka ga dattijon da ke riƙon kujera

Cire takalmi, ka durƙusa.

"Baba, a yi mini sassauci. Ilimin dai na cikin kai, takarda ce ta makara."

"Cikin kan wa, ɗana? Na majo ko na jandarma?"

Dattijo ya gyara zama, ya ci gaba.

"Bi sannu. Doka ba ta son gaggawa. In da hali ma ka maimaita shekara guda, ilimi ya zauna da gindinshi."

Manzo ya yi godiya, har da kawo buhun albasa. Kai ma ka kai.

A kula

Na ce za ka gama karatu, ban ce za a ba ka takarda ba. In makaranta ta ji ƙanshin gayya ta soke sunanka, ko majo ya fara kiran kanshi mai lisans, ba ruwana. Ni tun aji biyu na yi sallama da lakkwal. Mai ƙorafi ya same ni biron ƙungiya, kujerar sakatare, ta kusa da taga. Ina nan har shekara biyu da wata biyar. In Manzo ya ji shawara, ukku da biyar.