Yadda Na Zama Baba Alif

Sule mahauci ya cuce ni. Shi ya laƙaba mini "Baba Alif" a kasuwar Batsari, kuma sunan ya bi ni.

Ƙanwata Hadiza, mai neman digiri na biyu a kimiyya, ta sauka gidana za ta wuce Safana. Ta ajiye wata kwalba a inuwa ta fita, ruwan ciki duk ya gurɓace. Ni da na yi aji biyu a sakandare, a gaya mini gyaran ruwa? Na jefa alif na tace ruwa, ya kwanta garau.

Ta dawo ta dafe kai. "Yaya, aikin wata uku ne!"

Ashe ƙananan ƙwayoyi ne a ciki, kowace da cajinta na lantarki. Lantarki ake sakar wa ruwan, su rarrabu gwargwadon gudunsu. Alif ɗina ya kashe cajin, suka dunƙule. Labari ya kai kunnen Sule a kasuwa.

Ko zagi ba ta yi ba. Ta sake aikin daga farko, har ɓarnar da na yi ta auna ta rubuta a littafin bincikenta, ta ci jarrabawarta.

Jiya na tsaya gaban Sule na ce, "Kai, alif ɗina yana cikin littafin jami'a. Tsirenka kuwa iyakarsa tsohuwar jarida."